Allura a Tebur na Tara

Shekara goma sha ɗaya muna tare da baƙon nan,
suga, wanda ya shigo ba sallama
ya karɓe makullin cikina.
Shi ke cewa ci, shi ke cewa ya isa.
Shinkafa ma sai da awo, sai ka ce zinariya.

Daren Asabar, Barira ta karɓi albashinta na farko.
Ta ce, Baba, yau ni ce mai biya.
Muka gangara bakin ruwa a Baltimore
inda ƙamshin ƙaguwa ke tare hanya,
aka ba mu tebur na tara, jikin taga.

Na zaɓi gasasshen kifi da ɗan dankali.
Na yi lissafina a zuci,
na ɗaga gefen riga, faɗin tafin hannu kawai,
na zare murfin allura.

Sai ga inuwa a kan farantina.
Manaja ne, da murmushin da aka goge da dutsen guga.
Yallaɓai, ban ɗaki na can ta hagu,
akwai masu cin abinci.

To, ni me na zo yi? Wanki?

Ban ɗaki, wurin da ake shiga da ƙafar hagu,
wurin da harshe ke ajiye sunan Allah a bakin ƙofa,
ni kuwa ban taɓa soka ta ba sai da bisimilla.

Barira ta zaro waya kamar mai zare takobi.
Akwai doka, ta ce. In karanta maka?
Ta karanta, ba ta tsallake ko ɗigo ba.
Matar tebur na takwas ta daina tauna.
Ya ba da haƙuri busasshe kamar ƙanzo,
ya juya, ni ma na soke.

Amma allura ba ta san layi ba.
Ta shiga jini ta kama aikinta,
kifi kuwa ko labarinsa.
Minti ashirin. Minti talatin da biyar.
Na'ura ta ce saba'in, ta dawo ta ce sittin da biyu.
Gumi ya keto mini a tsakiyar sanyi,
cokali ya fara kiɗa a hannuna,
fuskar 'yata ta rabu gida biyu.

Akwai dabino uku a aljihuna.
Akwai kuma rubutu a ƙofa: ba a shigo da abincin waje.
Dubi fa, dattijo mai furfura
yana shawara da dabino kamar ɓarawo.

Ƙofar kicin ta buɗe.
Wani gajere, hularsa ta jiƙe, ga albasa a farcensa,
ya dire kofin lemon zaƙi a gabana.
Bai ce doka ba. Bai ce komai ba.
Ya naɗe hannun riga har kafaɗa,
ga farin maɓalli manne a damtsensa,
irin nawa sak.

Na sha. Duniya ta koma guda ɗaya.
Ya tsaya sai da na'ura ta ce tamanin,
sannan ya buga ƙirji ya ce, Nestor.
Na buga nawa na ce, Tambai.
Wani abu ya fara ƙauri a ciki, ya ruga.

A mota Barira na ta huci,
wai gobe za ta rubuta takardar ƙorafi.
Na ce rubuta, uwata.
Doka ma mai nauyin barci ce, sai an bubbuga.
Amma ki bar fili a ƙasa,
akwai sunan da zan sa.

Kifin ya yi gishiri, ban faɗa mata ba.
Na duba rasit a ƙarƙashin fitilar titi:
ba a sa kuɗin lemo ba.
Dabinona uku suna nan.